Sisin gwal ɗin gado mai 1917, na asali ne ko bugun maƙera?

Maman Khairat: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka san harkar gwal ku taimaka mana. Kakarmu ce ta rasu, ana fito da kayanta za a raba gado sai aka samu sisin gwal guda uku ƙulle a tsumma a ƙasan adakarta, mamanmu tace tun dawowarta aikin hajji na farko take ajiye dasu. Gefe ɗaya kan wani bature ne mai gemu, ɗaya gefen mutum ne kan doki yana sarar wani dodo. Biyu an rubuta 1917 ɗaya 1927. Toh ƙanina ya duba a waya yace wai mai 1917 ɗin a Ingila dubban fam ake sayensa, shi kuma mai gwal ɗin da muka kaiwa yace shi giram kawai ya sani, zai goga a dutse ya ɗiga asid ya biya kuɗin nauyi. Yanzu gida ya rabu biyu wlh, kawu yace a sayar a huta, samarin sunce ba mai taɓawa.

Ummu Hanan: Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ni dai shawarata ki fara wankesu da omo da tsohon buroshi su fito fes kafin ki kai ko ina, masu gwal in suka ga abu ya dafe sai su karya miki farashi

Abu Sadik Birmingham: Hajiya Ummu Hanan dan girman Allah a'a. Maman Khairat karki wanke, karki goge, ko da gefen mayafi ne, kuma kar ki bari a kai shi kan dutse tukunna. Ki riƙe ta baki baki kawai. In har ɗaya daga ciki ya zama na asali toh buroshin nan kaɗai zai iya cinye miki kaso mai yawa na kuɗinsa, don masu tara tsofaffin kuɗi fatar sisin suke saye ba ƙyalli ba, da gilashi suke dubawa kuma layin buroshi baya ɓuya.

Alhaji Mai Gwal: Kai ɗan Ingila ka fara ko. Mu da muka tashi a cikin sana'ar nan tun muna ɗaukarwa iyayen gidanmu sikeli, gwal gwal ne, 21 ne ko 22 ne ko 18 ne, dutse da asid su faɗa maka gaskiya a minti ɗaya. Sisin nan kala nawa ne bai wuce ta hannuna ba, duk lokacin biki sai an zo nema na sadaki. Ban taɓa ganin wanda ya biya ƙarin ko kwabo saboda shekarar da aka rubuta a jiki ba.

Abu Sadik Birmingham: Ranka ya daɗe Alhaji ba musu nake da kai a kan kasuwarka ba, a shagonka gaskiyarka ne. Amma tambayoyi uku ne aka cakuɗa a nan kuma dutsenka ɗaya kawai yake amsawa. Gwal ne ko ba gwal ba, wannan naka ne. Gidan buga kuɗi na gwamnati ne ya buga shi ko wani ne ya kwaikwaya, wannan dutse bai sani ba. In na gwamnatin ne ya lafiyar jikinsa take, ya sha hannu ko bai sha ba, wannan kuma dutsen ɓata shi ma yakeyi.
Bari in faɗi abinda ke hannunta. Fam ɗin zinare ne na Ingila, wanda aka fara bugawa a wannan siffar a 1817, hoton mai dokin wani ɗan Italiya ne ya zana shi Benedetto Pistrucci, in kika duba daman shekarar zaki ga B.P. ƙanana. Mai gemun Sarki George na biyar ne. Na asali nauyinsa giram 7.98, faɗinsa milimita 22.05, kauri wajen 1.5, karat 22, wato tsantsar zinaren ciki giram 7.32. Kuma ba Landan kaɗai ake buga shi ba, akwai Sidni da Melbon da Pas a Ostireliya, akwai Otawa a Kanada, Bombai ta Indiya ta buga a 1918 kawai, Firitoriya ta Afirka ta Kudu ta buga daga 1923 zuwa 1932. Kowanne yana sa harafinsa a ƙasan da dokin ya taka, saman shekarar, S ko M ko P ko C ko I ko SA. Na Landan ne kawai ba harafi. Maman Khairat ki samu gilashin masu gyaran waya ki duba wajen ki faɗa mana.

Maman Khairat: Na duba da kyamarar waya na zuƙo, mai 1927 akwai SA, masu 1917 ɗin duka biyun ba komai a wajen. Kenan na Landan ne? Ƙanina har ya fara rawa

Sarkin Musu: Alhamdulillah kun warke, a tuna da mu

Abu Sadik Birmingham: Ki ce masa ya zauna tukunna. Abinda ya gani a waya gaskiya ne, 1917 ta Landan tana cikin masu wuyar samu, an buga miliyan ɗaya da ɗan kai ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, kuma akasarinsu basu shiga hannun mutane ba, Amurka aka kwashe su biyan bashin yaƙi aka narke daga baya. Shi yasa na gaske yake kai dubban fam a gwanjo. Amma saboda haka ɗin ne kuma ya zama cikin waɗanda akafi yiwa jabu. Wasu ma na asali suke samu na Pas ko Sidni na 1917, waɗanda suke da yawa, su kankare harafin su shafe wajen ya koma kamar na Landan. A ce guda biyu sun haɗu a tsumma ɗaya daga tsarabar hajji, gaskiya zuciyata bata bani ba.

Bakano a Jidda: Ni ina nan kuma abin nan a gabana ake yinsa kullum. Ku shiga shagunan gwal na Balad ko na kusa da Harami ku ce jinehi kuke so, wato sisin gwal, zasu tambayeku na George ko wanne, su ɗebo muku a tire, sababbi fil suna ƙyalli da shekarun da ko kakan mai shagon ba a haifa ba. Giram 8 cif, karat 21, wani an buga 21 ko 875 (shi ma alamar karat 21 ne) ƙarami a jiki wani ba a buga ba. Kuma ba ɓoyewa suke ba, ba wanda zai ce maka daga Ingila yazo, a wajensu hanya ce ta ajiye gwal wadda kuɗin aikinta bai kai na sarƙa da awarwaro ba. Alhazanmu da yawa wannan suke saya. Yawancin sisin sadakin da kuke gani a gida shine.

Alhaji Mai Gwal: Yauwa. Ka faɗi gaskiya ɗan'uwa. Giram 8 muka sani.

Injiniya Bash: Toh ai an samu hanya mai sauƙi kenan. Maman Khairat a samo sikelin dijital mai lamba biyu bayan ɗigo, ba na kicin ba. In ya nuna 7.98 ko ƙasa kaɗan kamar 7.95 saboda cin hannu toh magana bata mutu ba, in ya nuna 8.00 ko sama ko ya faɗo 7.8 an gama. Sannan a auna faɗi da kauri da abin awon makanikai. Dalili shine gwal nauyi gareshi fiye da kusan duk ƙarfen da ake ha'inci dashi, tsantsarsa 19.3 ne a ma'aunin nauyi bisa girma, jan ƙarfe 8.96, dalma 11.3. In mutum yayi na tagulla ya shafa ruwan gwal, ko dai nauyi ya gaza ko kauri ya kusa ninkawa, bazai samu duka biyun ba. Akwai kuma gwajin ruwa, ki ɗora kofin ruwa kan sikeli ki maida shi sifili, ki ɗaure sisin da zare ki nutsa shi kar ya taɓa gindin kofi, lambar da ta fito ki raba nauyinsa da ita. Na 22 zai baki wajen 17 da rabi.

Abu Sadik Birmingham: Injiniya lissafinka daidai ne amma a sisi ɗaya ruwan da yake turewa bai kai rabin giram ba, wajen 0.45 ne, kuskuren 0.01 kawai ko kumfa ɗaya ta maƙale a zare ya isa ya maida maka 22 ya koma 21. Yana kama tagulla, baya raba gwal da gwal.

Ummu Hanan: Ni maganaɗisu nake sawa in bai kama ba shikenan

Injiniya Bash: Hajiya maganaɗisu baya kama tagulla, baya kama dalma, baya kama azurfa. Wanda ya kama dai tabbas ba gwal bane, wanda bai kama ba kuma baki san komai ba tukunna.

Sarkin Musu: Duk wannan wahalar ta mece ce, yanzu akwai inji a manyan shaguna, a saka a danna ya fito da kaso a allo. Zamani yazo ku kuna zare da kofi

Injiniya Bash: Injin XRF kake nufi. Yana da kyau don baya taɓa jikin abu, ya fi dutse da asid nesa ba kusa ba a irin wannan, amma fatar sama kawai yake karantawa, abinda bai kai kaurin gashi ba. In aka yi rufi mai kauri zai ce maka gwal ne. Akwai ƙarfen da ake kira tangistin nauyinsa 19.25, kusan ɗaya da gwal, a 2012 an kama sandunan gwal a New York da aka rarake cikinsu aka cusa shi. A sisi siriri irin wannan yafi wuya amma ana yi. Shi yasa ake haɗawa, nauyi da awo da inji da ƙara, don na gaske in ka ɗora a kan yatsa ka ɗan taɓa gefensa ƙararsa tana ja, na tangistin ko na zubi guntuwa ce.

Maman Khairat: Mun je shagon wani da yake da injin da sikeli mai kyau, bamu bari ya goga ba duk da sai da yayi ta mita. Mai SA ɗin 7.97 inji yace gwal kashi 91.6 cikin ɗari, wato karat 22. Masu 1917 ɗaya 7.99 ɗaya 7.96, inji yace 91 da ɗan wani abu duka biyun. Faɗi ma yace daidai ne. Toh yanzu fa? samarin gidanmu sunce magana ta ƙare na asali ne

Sarkin Musu: Ɗan Birmingham fito ka bada haƙuri

Abu Sadik Birmingham: Haƙurin me, ai yanzu aka zo wajen. Abinda awon nan ya tabbatar shine gwal ne mai kyau, Alhamdulillah ba a cuci marigayiya ba. Amma ku sani jabun fam ɗin Ingila mafi shahara da gwal na gaske aka yi su. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Girka da ƙasashen Larabawa basu yarda da kuɗin takarda ba, fam ɗin nan suke so, har farashinsa ya haura kuɗin zinaren cikinsa sosai, ita kuma Landan ta daina bugawa. Sai masu wayo a Italiya da Beirut da Siriya suka kafa injina suna buga shi da cikakken nauyi suna cin ribar bambancin. Akwai wani José Beraha da yake yi a Milan, da aka nemi Suwizalan, inda ya koma, ta miƙa shi sai kotunsu ta ƙi a 1952, tace ai fam ɗin zinare ya daina zama kuɗin kashewa. Abinda ya tura Ingila ta dawo buga shi da yawa a 1957 kenan don ta kashe musu kasuwa. Irin waɗannan sun cika kasuwannin Makka da Jidda a shekarun da kakanninmu suke zuwa hajji, kuma masu yinsu basa damuwa da wace shekara suka sa, zaka ga 1917 ba harafi, kai har 1918 ko 1920 ba harafi alhali Landan bata buga ko ɗaya ba daga 1918 zuwa 1924.
Ga abinda zakiyi. Ki jera biyun nan gefe da gefe ƙarƙashin fitila ki ɗauki hoto kusa sosai. Ki nemi wani rami ko ƙwarzane da yake wuri ɗaya sak a jikin duka biyun. Masu jabu daga sisi na gaske suke kwafar hatimin bugu, duk tabon da ke jikin wancan sai ya bi duk abinda suka buga. Sisi biyu na gaske bazasu yi karo da abu ɗaya a wuri ɗaya ba.

Maman Khairat: Innalillahi. Akwai. A wuyan sarkin ƙasan gemu akwai wani ɗan rami dogo, kuma a bayan kusa da jelar dokin akwai ɗigo biyu, duka biyun iri ɗaya kamar an yi hoto. Kuma yanzu da na jera su da mai SA ɗin sai naga gashin jelar dokin nasa ya fita ɗaya ɗaya, nasu kuma a cakuɗe

Abu Sadik Birmingham: Toh Hajiya inaga kin samu amsarki, bugun kwaikwayo ne na gwal. Ba zan rantse daga nesa ba amma wannan alamar da wuya ta yi ƙarya. Mai 1927 SA kuma da alama na asali ne, sai dai Firitoriya ta buga miliyoyi a shekarar, kuɗinsa kuɗin gwal ne da ɗan abinda ba a rasa ba.

Alhaji Mai Gwal: Kun gani ko. An zaga an zaga an dawo kan giram. Da tun farko an bar mutumin nan yayi aikinsa da yanzu kowa ya karɓi rabonsa

Injiniya Bash: A'a Alhaji, an dawo kan giram ne bayan an duba. Da ace na gaske ne fa an riga an goga shi a dutse?

Alhaji Mai Gwal: Da ace. A cikin dubu nawa ake samun ɗaya? Kuma ko an samu wa zai saya a nan, ka kawo min shi ka ce fam dubu kaza, ni in kaiwa wa?

Abu Sadik Birmingham: Wannan tambayar taka Alhaji ita ce mai ƙarfi, kuma shi yasa kamfanonin tantancewa suka samu kasuwa. Ba wanda zai biya irin wannan kuɗin da bakin mai sayarwa. Akwai manya biyu na Amurka, PCGS da aka kafa 1986 da NGC 1987, NGC suna da ofis a Landan PCGS a Faris. Zaka tura musu su duba ko na gaske ne, sannan su bashi maki daga 1 zuwa 70, ma'aunin da William Sheldon ya fito dashi a 1949. Daga 60 zuwa 70 wanda bai taɓa yawo a hannu ba kenan suna rubuta MS, 50 zuwa 58 AU ya ɗan taɓu a wuraren da suka fi tudu kamar gemu da gwiwar mai doki, 40 da 45 ya yi yawo amma zane na nan, a haka har ƙasa. Sai su rufe shi a roba mai lamba. Tsakanin 62 da 64 kawai kuɗi na iya ninkawa a wasu shekarun. Wanda aka wanke ko aka goga ko aka yi masa kunne aka rataya a sarƙa, kuma wannan na ƙarshen shine ciwon sisin gidajenmu, zasu ce na gaske ne amma bazasu bashi lamba ba, su rubuta aibinsa a jiki.

Sarkin Musu: Wato bature ya buga kuɗi, bature ya ce na gaske ne, bature ya saka maki, kai kuma ka biya kuɗin jirgi. Kuma makin nan ra'ayi ne fa, na ji ana fasa robar a sake turawa a samu wani maki daban

Abu Sadik Birmingham: Ana yi, ba ƙarya kayi ba, maki ido ne na mutum kuma akan samu saɓanin lamba ɗaya. Robar ma kanta ana yin jabunta, shi yasa ake duba lambar a shafin kamfanin a gwada hoton da abinda ke hannu. Amma zancen na gaske ne ko ba na gaske ba wannan ba ra'ayi bane. Kuma su ma ƙwararrun an taɓa wahalar dasu, akwai wanda ya buga jabun dala 20 ta zinare ta Amurka mai 1907, aikin yayi kyau har ya sa hannu da wani ɗan harafin Girka a cikin faratan mikiyar, a farkon shekarun 1970 aka gano kuma har yau ba a san ko waye ba.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Ni tambayata shekarar da ke jiki ita ce shekarar bugu dole? Don muna da liyari na azurfa na tsohuwarmu an sa 1780

Abu Sadik Birmingham: Ba dole ba ɗan'uwa. Liyarin Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, duk wanda aka buga bayan rasuwarta 1780 ake sa masa, har na ƙarnin da ya wuce. Fam ɗin Ingila ma akwai masu 1925 da Landan ta sake bugawa wajen 1949 zuwa 1951 bata canza shekarar ba, kuma na asali ne tunda ita ta buga.

Malam Na Zaure: Allah ya jiƙan mamaciya. Abinda ya shafi rabon gado, tunda an san gwal ne an san nauyi an san karat, sai a ƙiyasta da farashin ranar rabo, a sayar ko wani magaji ya ɗauka a cire daga kasonsa da yardar sauran. Sai dai in za a sayar wajibi ne a faɗawa mai saye cewa biyun nan ba bugun Ingila bane, kar ƙanin naki ya je ya nunawa wani abinda ya gani a waya yayi shiru. Wannan algus ne ko da gwal ɗin na gaske ne.

Ummu Hanan: Malam toh mu da aka bamu sisin sadaki fa, yanzu naje na duba nawa 21 ne a jiki ƙarami. An cuceni kenan?

Malam Na Zaure: Me aka ambata a wajen ɗaurin aure? In sisin gwal aka ce, abinda mutanen garin suka sani da wannan sunan shi ake nufi, kuma kinji Alhaji yace mai giram 8 ɗin ne a kasuwa. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne, giram ɗaya da ɗan kai, kin wuce nan nesa. Inda lissafin yake da amfani shine zakka, nisabi dinari 20 ne wajen giram 85, mai tara su ya san mai 21 tsantsar cikinsa giram 7 ne mai 22 kuma 7.32.

Bakano a Jidda: Hajiya Ummu Hanan ki barwa Alhajinki lafiya dan Allah, 0.32 ne tsakani

Ummu Hanan: Ai sai ya ciko wlh, da farashin yau

Alhaji Mai Gwal: Maman Khairat in kun tashi sayarwa ku zaga shago uku a auna a gabanku, kuma ku ce 22 za a biya ku ba 21 ba tunda inji ya nuna, kar wani ya ce muku ai duk sisi 21 ne. Mai SA ɗin ku ware shi daban, in ɗan Ingila yana da mai ƙara wani abu a kai ya turo shi.

Abu Sadik Birmingham: Ƙarin bazai biya kuɗin aike ba Alhaji, ku saya kawai. Amma kar a narka shi dan Allah.

Alhaji Mai Gwal: Wa zai narka sisi ana shiga watan biki